Fodkas: Abin da ke sa mutanen Filifin kuka a sinima

Hadiza: Salamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Filifin muka nufa. Yaya Bashir, na ga idonka ya yi ja.

Bashir: Ke dai bari. 'Ya'yana ne suka tsare ni jiya da fim ɗin jarumar Filifin Kathryn Bernardo na 2019, Hello, Love, Goodbye. Na zauna da niyyar yi musu dariya, sai ga ni ina share ido da hannun riga.

Auwal: Malam, kai da kake cewa fim ɗin soyayya na marasa aikin yi ne?

Bashir: Ai ba soyayyar ce ta kama ni ba. Yarinyar ta yi karatun jinya, amma aikatau take yi a Hong Kong, tana tura kuɗi gida. Akwai inda aka nuna ranar Lahadi, ranar hutun masu aikin gida: mata sun shimfiɗa kwalaye a gefen titi, suna cin abinci, suna kiran gida. Miliyoyin mutanen ƙasar suna ci-rani a waje, don haka mai kallo uwarsa yake gani, ko yayarsa.

Hadiza: Shi ya sa kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 2024, ya zama fim ɗin Filifin na farko da ya tara sama da peso biliyan ɗaya, kuɗin ƙasar. Amma Yaya, kada ka raina soyayyar, a nan kasuwar take. Kamfani kan haɗa saurayi da budurwa, ya riƙa fito da su tare shekara da shekaru. Har sunayensu ake haɗewa: Kathryn da Daniel Padilla suka zama KathNiel. Da suka sanar da rabuwa a 2023, magoya baya suka yi ta jimami kamar an yi rasuwa.

Auwal: Kenan 'yan kallo ba su bambance fim da gaskiya?

Hadiza: Sun bambance, ba sa so ne kawai. Suna da kalma, kilig, wato wannan tsumar da ke kama mutum idan masoya suka haɗa ido. Ita ake saya da kuɗin tikiti.

Auwal: Ni ku ba ni na tsoro. Anti Hadiza, kin san manananggal?

Hadiza: A'uzu billahi, mene ne kuma haka?

Auwal: Mayya ce. Da dare jikinta ya rabu biyu daga ƙugu, rabin sama ya fito da fukafukai ya tashi neman masu ciki, ƙafafun na tsaye a ɓoye. Maganinta, ka nemo ƙafafun ka barbaɗa gishiri ko toka, ba ta iya komawa jikinta, gari na wayewa ta mutu. Jerin finafinan Shake, Rattle & Roll tun 1984 yake cin kasuwa da irin waɗannan.

Bashir: Kuma lokacin Kirsimeti suke kallonsu. Daga 25 ga Disamba ake bikin finafinai na Manila, babban birnin ƙasar, a sauke na Amurka daga yawancin gidajen sinima, a bar na gida.

Auwal: Jaruman finafinan faɗa fa?

Bashir: Su siyasa suka shiga. Joseph Estrada, mai fitowa a matsayin gatan talaka, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1998. Amininsa, jarumi Fernando Poe Jr., ya tsaya takara a 2004, aka ce ya faɗi, ya rasu a Disamban shekarar.

Hadiza: Auwal, gishirin nan, kowane iri ne, ko sai na musamman?

Auwal: Na miya ma ya isa, Anti.

Hadiza: To madalla, akwai shi a gida. Sai mako mai zuwa.