Bikkuri Shita: Yadda Mutumin Japan Yake Faɗin Cewa Ya Firgita

Tambaya ɗaya ce masu koyon Japananci suke ta maimaitawa a ƙarƙashin bidiyoyinmu: me ya sa mutumin Japan yake cewa "bikkuri shita" a daidai lokacin da ya firgita, alhali "shita" siga ce ta abin da ya riga ya faru?

Ku ɗauka ga wata mata zaune a ɗaki. Ƙofa ta bugu da ƙarfi, ta zabura, ta dafe ƙirji, sannan kalmar ta fito.

Kalmar "bikkuri" tana cikin jerin kalmomin Japananci da suke kwaikwayon yanayi, kamar yadda mu muke cewa mutum ya farka firgigit. Ita kaɗai ba aikatau ba ce, sai an haɗa ta da "suru", wato yi. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, domin littafi ya koya musu "bikkuri suru", sai su ɗauka ita ce za su furta idan abu ya razana su. Amma wannan sigar tana nufin abin da yakan faru ko abin da zai faru: idan ka gaya wa abokinka cewa mahaifiyarsa za ta sha mamaki da ta ji labarin, to "bikkuri suru" ta dace. Ita kuwa firgita, kafin baki ya buɗe ta riga ta wuce, zuciya ta gama bugawa, don haka sai a ce "shita", wato sigar "suru" ta abin da ya wuce.

A ganina Bahaushe bai kamata ya wahala a nan ba, domin mu ma ba ma cewa "ina firgita" idan yaro ya ɓuya a bayan ƙofa ya yi mana ihu. "Na tsorata" muke cewa, ko "ka firgita ni". Su ma idan suna son ɗora wa wani laifin, sai su juya aikatau ɗin ya koma "bikkuri saseru", wato sa wani ya firgita. A gaban malami ko shugaban wurin aiki kuwa, ladabi yana buƙatar "bikkuri shimashita".

Sauran kalmomin nuna mamaki ba su da wuya. "Odoroku", wato yin mamaki ko firgita, ita ce ta rubutu da labarai da zance na natsuwa, kuma idan kun lura da alamar da ake rubuta ta da ita, akwai doki a ƙasanta, dabbar da duk wanda ya taɓa hawa ya san saurin zaburarta. "E?" gajere, wadda ake datse numfashi a ƙarshenta, ta mai jin abin da bai zata ba ce, yayin da "hee" mai tsawo, da murya tana hawa a hankali, take nuna cewa labarin ya ƙayatar. "Uso!" ma'anarta ƙarya, amma tsakanin abokai daidai take da "haba dai!" tamu, ba zargi ba ne. Ga wanda ya girme ku dai, "hontō desu ka", wato "da gaske ne?", ita ta fi aminci.

Alamar motsin rai (!) da ake sawa a ƙarshen jimla ma, a bakin mutanen Japan sunanta "bikkuri māku".