Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan da Na Karanta Kwanan Nan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Bauchi. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wata malamar firamare a Azare, wadda ta ce tana yawan jin ina ambaton littattafai, don haka tana so ta san waɗanda na karanta kwanan nan, da wanda ya fi tsaya mini a rai.

To Malama, wanda ya fi tsaya mini a rai tsohon littafi ne, wato Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya. Na tsinci kwafinsa a Kasuwar Wunti, bangon ya yage, wani ɗalibi ya cika gefen shafukan da rubutun fensir. Lokacin da na fara karanta shi ina ɗan sakandare, abin da ya ɗauke mini hankali shi ne sace Umar da aka yi yana yaro, da guguwar rairayin da ta binne ayari a cikin Sahara. Wannan karon kuwa, da yake na haifi 'ya'ya, mahaifiyarsa na bi da ido tun daga farko har ƙarshe, matar da ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus, ga tsufa ga ciwo, kuma ba ta daɗe ba ta cika. Wallahi da na kai wurin nan sai da na ajiye littafin na fita tsakar gida. Kada ki manta kuma, a Rauta, nan ƙasar Bauchi, Shaihun yake ba almajiransa wannan labari.

Na kuma koma ga waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, musamman Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Shawarata gare ki ita ce kada ki karanta su a zuci, ki rera su da murya, domin a nan ne zafin gargaɗinsa game da jahilci da lalaci yake fitowa.

Wasiƙa ta biyu daga wani matashi ce a Kumo, jihar Gombe, yana tambaya ko karanta ƙagaggun labarai ba ɓata lokaci ba ne, tunda ga littattafan tarihi. Ɗan'uwa, ban yarda ba. A cikin watan nan na karanta wani littafin tarihi kan kafuwar masarautun Bauchi da Gombe a hannun Malam Yakubu da Bubayero, na ƙaru ƙwarai, ya kuma taɓo cinikin bayi da hanyoyin da ayari ke bi zuwa arewacin Afirka. Amma bai nuna mini uwa guda tana tambayar fatake labarin ɗanta ba, sai a Shaihu Umar na gan ta. Ka haɗa su biyun, ka fara da ƙagaggen labarin tunda gajere ne, a zama biyu za ka gama shi, sannan ka rubuto mana abin da ka gani.