Yankan Ƙusa, Askar Wanzami da Fargabar Ƙanjamau

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro. Ni ne Nura, kuma muna magana ne daga ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, tare da Malam Habu, wanda ya daɗe yana aikin lafiya a matakin farko, da Yaya Talatu. Tun makon jiya maganar da ake ta yi a majalisa ita ce ta matashin nan da ƙusar bencin mai shayi ta yanka a yatsa, har ya kwana uku bai runtsa ba saboda tsoron ko ya ɗauki ƙanjamau.

Talatu: A cikin gidaje ma haka abin yake, Nura. Wata maƙwabciyata ta tsinci tsohuwar reza a bakin taga tana shara, ta ɗan yanke ta, sai ta zo mini da hawaye tana cewa ba ta san wanda ya yi amfani da ita ba.

Malam Habu: To, Talatu, abin da zan fara cewa shi ne ƙwayar cutar nan ba ta da juriya idan ta bar jikin mutum. Da zarar jini ya bushe a kan ƙarfe ko katako, ƙarfinta na kama wani yana raguwa ƙwarai, musamman a irin ranar da muke sha a Jigawa. Kafin a ɗauka, sai ɗanyen jinin mai ɗauke da cutar ya samu hanyar shiga jikin wani, kuma ya kasance da yawan da zai isa. Ku dubi ma'aikatan asibiti, waɗanda allurar da aka zare yanzu-yanzu daga jikin mai cutar kan soke su bisa kuskure. Ko a wannan hali, da allura mai rami wadda ke riƙe jini a cikinta, kusan mutum 3 ne cikin 1,000 ke kamuwa. To ina kuma ƙusar benci da ta yi wata da watanni tana shan rana da ƙura?

Nura: Amma Malam, mun taso muna jin rediyo na gargaɗi a kan aska da reza.

Malam Habu: Gargaɗin yana kan hanya, sai dai mutane sun ɗauke shi sun aza a inda ba nan aka nufa ba. Abin da ake nufi shi ne ƙarfen da ya fito daga jikin wani da jini bai bushe ba, aka ɗora shi a jikinka: wanzamin da zai yi wa yara biyar kaciya a jere da aska ɗaya, ko mai yin ƙaho da zai tsaga bayan wannan ya juya kan wancan, ko mai cire beli. Na taɓa tsayawa ranar kasuwa ina kallon wani mai yankan farce. Ya gama da wani dattijo da ya ɗan yi jini a gefen ɗan yatsa, ya goge almakashin a tsumman da ke kafaɗarsa, ya tsoma shi a gwangwanin ruwan kumfa, ya jawo ƙafar na gaba.

Talatu: Wanzaminmu cewa yake yi askarsa ta gado ce, tun ta kakansa, ba ta cutar da kowa.

Malam Habu: Gado bai hana jini mannewa a ƙarfe ba, Talatu, kuma wasa aska a kan fata kaifi yake ƙara mata, ba tsabta ba. A nan ma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon hanta nau'in B, domin ƙwayarsa tana iya kai kwana 7 a busasshen jini tana da rai, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kamawa nesa ba kusa ba. Tana da rigakafi, amma ba kasafai manya ke neman sa ba. Shi kuwa matashin da ƙusa ta yanka, da ya wanke wurin da sabulu da ruwa ya je ya tambayi allurar tetanus, wato cutar da ke shiga ta rauni ta sandarar da jiki, da ya fi masa amfani a kan kwana uku na zullumi.

Nura: Idan kuma ɗanyen jinin wani ya shiga rauninka fa?

Malam Habu: Sai a wanke, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake farawa cikin awa 72, a sha na kwana 28. Gwajin da aka yi washegari ba ya nuna komai game da raunin jiya, shi ya sa ake cewa a maimaita har zuwa wata 3.

Nura: Mun yi niyyar tattauna yadda za a kwantar wa mai wannan fargaba hankali, amma ga shi an fara kiran sallar La'asar.

Talatu: Ni dai zan shaida wa maƙwabciyata a daren nan. Malam, ranar yaushe ake yin allurar ciwon hantar?

Malam Habu: Ki biyo ni bayan salla in duba miki.