Ledar ruwa, roba da kanula: hirarmu ta wannan makon

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Muna nan Zariya, ni da Yaya da Anti. Anti da fararen kaya ta zo, daga nan aiki za ta wuce. Maganar da ta hana gurup ɗinmu barci tun ranar Juma'a ita za mu taɓa, wato takardar kayan ƙarin ruwan nan da asibiti ya rubuta wa wani mai jinya, wani ɗan'uwa ya ɗauki hotonta ya turo.

Yaya: Ai ni aka buga wa ƙofa a kanta. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare, na rufe kemis na kwanta, sai ga bawan Allah a kan babur, ko takalmi bai daidaita ba. Ya miƙo takarda hannunsa na rawa: ruwa leda huɗu, gibin set (wato robar ƙarin ruwa), kanula uku, sirinji, filasta, safar hannu. 'Yarsa ce ake ta amai da gudawa. Da na yi lissafi na faɗa masa, sai ya yi shiru, ya ce Malam, a cire kanula biyu, ai hannu ɗaya za a saka wa.

Anti: Allah sarki. To Yaya, da ka kira ni a daren da na yi masa bayani. Yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, jijiyarsa kwanciya take yi. Ka ɗaure hannu, ka bubbuga, ka haska da fitilar waya, ba ka ganin komai. Ka soka ta farko, jijiya ta fashe, wurin ya kumbura. Wannan kanular ta tashi daga aiki ke nan, kwandon allurai za ta. Ka koma ɗayan hannun, ka koma ƙafa, wani lokaci jariri har a ka ake nema. Uwa tana tsaye tana kuka, ke ma nas zuciyarki na bugawa. Shi ya sa muke rubuta uku. Wallahi ba son kashe wa mutum kuɗi ba ne.

Auta: Anti, mutane na cewa kanula, wasu na cewa allura ce ake bari a hannu.

Anti: Babu ƙarfen da ake bari a hannu. Allurar jagora ce kawai, da ta shiga jijiya sai a zare ta, a bar siririyar roba mai laushi. Kuma launin da kuke gani ba ado ba ne, girma ne. Ruwan ɗorawa ta jarirai ce, lamba 24. Shuɗiya 22, ta yara da tsofaffi. Ruwan hoda 20, ita aka fi saka wa manya. Koriya 18, idan za a ƙara jini ko za a shiga tiyata. Mai ruwan toka 16, wannan sai an kawo mai haɗari ko mai naƙuda da jini ya ɓalle mata. Lamba na raguwa, baki na faɗi. Ko a Indiya aka yi ta, ko a Jamus, launin ɗaya ne.

Yaya: Yawwa, kin kawo ni inda nake so. Ni da nake buɗe katan nake karanta jikinsa. Idan na hau hanyar Kano na je Dangwauro, inda aka mayar da 'yan kasuwar magani na Sabon Gari a 2024, kanula da gibin set da zan saro, mafi yawa Indiya ko Chana za ka gani a rubuce. Ruwan kansa dai, alhamdu lillahi, ana yin sa a gida. Akwai Dana a Minna, akwai Biomedical a Ilorin, akwai Juhel, akwai Fidson. Amma su ma ƙwayar robar da ake narkawa a yi gora da ita, da injina, da kayan gyara, da yawa da dala ake sayo su. To tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, me kake tsammani? Ka sayar da katan yau, ka koma kasuwa kuɗin bai isa ya sayo maka irinsa ba.

Auta: Amma ai an ce an cire haraji.

Yaya: An cire. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarni a watan Yunin 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar, a ɗauke kuɗin kwastan da harajin VAT daga kayan da masana'antun magani ke shigowa da su, har da masu yin sirinji da allura, na tsawon shekara biyu. Abu ne mai kyau. Sai dai kafin nan, kamfanin sirinji na Jubilee da ke Onna a Akwa Ibom, wanda Osinbajo ya buɗe a 2017, ya riga ya dakatar da aiki tun farkon 2024. Wannan ya yi mini ciwo, don masana'antar da ta tsaya ba a tayar da ita da takarda ɗaya.

Anti: Ku bari in faɗa muku wanda ke cinye mana ruwan ma kafin dala. Mu ne. Mutum ya ɗan ji kasala, ya yi tafiya ya dawo a gajiye, sai a ce a kira yaron kemis ya sa masa ruwa. A buga ƙusa a bango a rataye.

Yaya: Kuma sai mai kala!

Anti: Sai mai kala! Gwaggonmu ta Ƙofar Doka, Allah ya ƙara mata lafiya, idan aka rataya mata farin ruwa sai ta juya baya, ta ce wannan ai na randa ne.

Auta: Ita ce ta ce a sa mata mai kama da Fanta?

Anti: Ita ce. Kuma sai ta sa an buɗe labule don maƙwabta masu zuwa dubiya su gani.

Yaya: Ai akwai wadda ta aiko jikanta wurina da murfin kwano ruwan ɗorawa, wai in duba in ba da daidai wannan kalar.

Auta: Haba Yaya!

Yaya: Wallahi. Yaron ya ce an ce kar ya karɓi mai haske, mai duhun ya fi ƙarfi.

Anti: Kamar rinin Ƙofar Mata.

Auta: Gwaggo kam har ƙirga ledoji take yi, ta ce wance leda biyu aka sa mata, ni uku.

Anti: Ta kuma ajiye gorunan a bayan gado. Ni na je na kwashe su da hannuna, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. To jama'a, kalar nan bitamin B ne ake zubawa a ciki, shi ke nan. Farin kuma ruwa ne da gishiri, giram 9 a kowace lita, daidai da abin da jini ke karɓa. Akwai mai sukari kashi 5 cikin 100, akwai Ringa, mai haɗin gishiri iri-iri. Kowanne da mai shi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ka ɗura masa leda uku, ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Na ga wannan da idona.

Auta: Ni abin da ya ba ni mamaki da nake bincike, ashe Amurka ma ta taɓa rasa ruwan nan.

Yaya: Amurka guda?

Auta: A ƙarshen watan Satumban 2024, guguwar Helene ta jawo ambaliya a jihar North Carolina. Akwai masana'antar kamfanin Baxter a kusa da garin Marion, ita kaɗai ke yin wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan da asibitocin ƙasar ke amfani da shi. Ruwa ya shiga, aiki ya tsaya. Asibitoci suka riƙa ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, wanda zai iya sha da baki a ba shi ya sha. Sai da hukumarsu ta magunguna ta ba da izini aka shigo da shi daga Kanada da Chana da Ingila da Ireland. Kuma ba shi ne farau ba, a 2017 guguwar Maria ta yi musu irin haka a Puerto Rico.

Yaya: Ka ga matsalar ke nan. Kaya ne mai nauyi, riba kaɗan, ga shi sai an yi shi cikin tsabta ta ƙarshe. Ba kowa ke son shiga ba, sai 'yan manya: Baxter da BD a Amurka, B. Braun da Fresenius Kabi a Jamus, Terumo da Nipro a Japan, sai na Indiya irin su Polymed. Ranar da mai kuɗi ya fito kasuwa neman abin da kake nema, kai da ke jiran kwantena a Apapa ai ka san matsayinka a layi.

Anti: Ni tsorona ba tsadar ba ce. Abin da tsada ke haifarwa nake tsoro. Idan roba ta yi wuya, sai wani marar tsoron Allah ya ce bari in ɗauraye wannan in sa wa na gaba. Gibin set ɗin nan da kuke gani a cikin leda, da iskar gas ake kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki bayan an like shi. Da an yage leda, an gama. Ba a tafasa shi, ba a wanke shi da sifirit, jini na komowa cikin robar ko ido bai gani ba. Masar ta ɗanɗana. Shekaru aka yi ana yi wa mutanen karkara allurar tsargiya da sirinjin gilashi, daga wannan hannu zuwa wancan, har zuwa wajen 1980, ƙasar ta wayi gari tana cikin waɗanda suka fi kowa ciwon hanta nau'in C a duniya. A 2019 kuma, a Ratodero ta ƙasar Pakistan, ɗaruruwan yara aka samu da cutar ƙanjamau, da yawa iyayensu lafiya lau. Da aka bi sawu, sirinji da robar ƙarin ruwa da ake maimaitawa na cikin manyan dalilai. Yara fa, Auta. Yara 'yan shekara biyu, uku.

Auta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2010 kaɗai, allurar da ba ta da tsabta ta sa wa mutum wajen miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B. Shi ya sa nake ce wa masu jinya, ku tsaya a yage ledar a gabanku. Babu ma'aikacin kirki da zai ji haushi. Ku duba ko ledar ta huje, ku duba ranar ƙarewar wa'adi, ku duba lambar NAFDAC. Ku ɗaga gorar ruwan sama ku kalla, in kun ga gurɓata ko wani abu na yawo a ciki, a mayar.

Yaya: Anti, ki yi musu maganar 'yar tayar nan.

Anti: Yawwa, na gode da ka tuna mini. 'Yar tayar da ke jikin roba, don Allah ku daina taɓawa. Lissafi ne. Gibin set na manya, ɗigo 20 ne mililita ɗaya. Leda guda mililita 500 ce, in likita ya ce ta shiga cikin awa 8, ɗigo 21 ke nan a minti. Da agogo nake tsayawa in ƙirga. Ina juya baya sai ɗan'uwa ya murza ya buɗe, wai ta ƙare da wuri su tafi gida kafin magariba. Na yara ma daban yake, ɗigo 60 ne mililita ɗaya, don kaɗan-kaɗan jikinsu ke ɗauka.

Auta: To yarinyar da Yaya ya ba da labari, da tun farko an ba ta ruwan gishiri da sukari fa?

Anti: Da wataƙila ba a kai ga kanula ba. Ai ORS haka ya samu karɓuwa. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ruwan leda ya ƙare, wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a durom ana ba mutane da kofi, mace-mace suka ragu ƙwarai. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro da cokali, ko ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, a haɗa da zinc. Amma in ido ya faɗa, ya daina fitsari, ya kasa sha, to a ruga asibiti, nan ne ledar ke ceton rai.

Yaya: Ta warware fa, uban ya biyo ta shago shekaranjiya da ita a gaban babur, filasta na nan a bayan hannunta. Kanula ta uku ce ta shiga.

Anti: Alhamdu lillahi. Ka gani ko?

Auta: Mun shirya mu rufe da maganar inda ake zubar da waɗannan robobi, don yara na tsinto sirinji a bola suna wasan ruwa da shi, da kuma tambayoyi uku da masu sauraro suka turo daga Samaru da Wusasa...

Anti: Auta, ƙarfe nawa? Kai! Takwas saura kwata, ga cunkoson Kwangila, ga 'yar'uwata na jira in karɓe ta tun safe take tsaye. Yaya, miƙo mini jakata.

Auta: To tambayoyin sai mako mai zuwa, da su za mu fara in sha Allahu. Anti, kin bar agogonki a kan tebur!