Me Za Mu Sa wa Yara a Kular Makaranta?

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaban taro, malamai, iyayena mata da 'yan'uwana, da iyaye maza da na hango can bakin ƙofa: don Allah kada ku sulale, ku ne masu ba da kuɗin cefane, maganar ta shafe ku. Ana ji na a baya? To, madalla.

An ce in yi magana a kan abin taɓawa da uwa za ta haɗa da hannunta ta sa wa yaro a kula, maimakon kullum kuɗin tara ya ƙare a kan alawa da biskit a bakin get. Abubuwa biyar na rubuto, in lokaci ya bari.

Na farko, lissafin lokaci. Ƙarfe bakwai kika rufe kula, yaro ba zai buɗe ba sai wajen goma. Awa uku ke nan abincin yana cikin jaka, a aji mai rufin kwano, ga zafin watan Afrilu. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a zafin da ke tsakanin digiri 5 da 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai. Saboda haka ko dai abin ya tafi da zafinsa sosai, ko da sanyinsa sosai, ko kuwa ya zama busasshe. In da zafi ne, ki cika kular da tafasasshen ruwa, ki rufe minti biyar, ki zubar, sannan ki zuba abincin. In da sanyi ne, ƙanƙarar fiya wata guda ɗaya a gefen robar ta wadatar, kafin tara ta narke, ya sami ruwan sha. Ɗumi-ɗumin nan na tsakiya, shi ne yake kawo gudawa.

Na biyu, awara. Nan kam ku yi haƙuri, zan daɗe. Cikin duk abin da za ki iya sa wa yaro, da wuya ki sami mai gina jiki da arha kamarta, domin fiye da kashi ɗaya bisa uku na waken suya furotin ne. Kuma yara suna son ta, ba sai da lallashi ba.

Ki auna wake gwangwani huɗu, gwangwanin madara nake nufi, wajen rabin kilo ke nan. Ki tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, ki wanke, ki jiƙa. Lokacin sanyi awa takwas, lokacin zafi awa biyar zuwa shida sun isa. In ya wuce haka ya fara kumfa yana tsami, madarar za ta tsinke a kan wuta tun ba ki sa mata komai ba. Yadda za ki gane ya jiƙu, ki ɓare ƙwaya ɗaya: in tsakiyarta ta yi sumul launi ɗaya, ya yi, in da sauran duhu da ɗan rami a ciki, da saura.

Wajen niƙa, ki ce wa mai inji ya ɗauraye injinsa. Da yawa awararsu a nan take mutuwa, an niƙa gasara ko tattasai, an juye wake a kai. Ƙullun ya yi laushi sosai. In an dawo da shi, ki ɗiga manja ko man gyaɗa cokali ɗaya, kumfar za ta kwanta, ki ƙara ruwa har ya kai kamar lita huɗu, ki tace da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi. Ki matse dusar, ki sake zuba mata ruwa kaɗan ki matse. Dusar nan kada a zubar, masu awaki sun san kuɗinta.

Sai a ɗora a babbar tukunya. Babba na ce, Hajiya, domin madarar waken suya ba ta da amana, kina juya baya ki amsa sallama ta taso ta kashe miki wuta. (Dariya.) In ta tafasa ki rage wuta, ki bar ta minti goma tana ɓararraka a hankali, kina juyawa kada ta kama. Wannan minti goman ba ado ba ne. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, zafi ne yake kashe shi, zafin ne kuma yake kore ƙarnin wake. Yaron da ya ce awara tana kumbura masa ciki, sau da yawa ba ta tafasu ba ce.

Yanzu ruwan tsami. Ko tsohon ruwan gasara da ya kwana biyu ko uku, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace, ko ruwan lemon tsami rabin kofi a sirka shi da ruwa kofi ɗaya. Ki janye itacen, tafasar ta lafa, sannan ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina zagaye tukunyar. Ki juya da ludayi sau ɗaya ko biyu a hankali, ki tsaya ki duba. Kaɗan-kaɗan, ina maimaitawa. In kika antaya shi gaba ɗaya, awarar za ta yi tauri, ta yi tsami, ba kuma za ta yi auki ba. In ya yi kaɗan, ruwan zai zauna fari, rabin awararki yana ciki za ki zubar. Alamar da kike nema: curi-curi fari ya taso sama, ruwan ƙasa ya koma garau, ruwan ɗorawa-ɗorawa. Da kin ga haka ki ajiye kofin, ko da saura a ciki.

Waccan baiwar Allah tana girgiza kai, da alama ta taɓa antayawa. Ba ke kaɗai ba ce.

Ki kwashe da matsami ki zuba a ƙyalle. A nan ne za ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, da yankakkiyar albasa, da gurzajjen karas in kina so, attaruhu kuwa na yara ɗan kaɗan. Ki ɗaure, ki ɗora dutse ko bokitin ruwa a kai, minti talatin zuwa arba'in. Ƙasa da haka, za ta farfashe a cikin mai. Ki bar ta awa biyu kuma, ta zama roba, yaro ya ciza ya ajiye. Ki yanka daidai lomar yaro, ba manyan yankan masu talla ba. Mai ya yi zafi kafin ki sa. Ki gwada da guda ɗaya, in ta nutse ta yi shiru, mai bai yi ba, za ta sha shi ne kawai. In kin kaɗa ƙwai ɗaya kin tsoma yankan kafin suya, kin ƙara mata daraja. Ta tsane a matsami, ta huce sarai, sannan a rufe. In kika rufe ta da zafi a roba, tururi zai koma mata, ta yi laɓo-laɓo. Yanka biyar ko shida sun ishi ɗan firamare. Yajin ƙuli a ƙulle shi daban.

Ina muke? Na huɗu... a'a, na uku. Malam ya nuna mini agogo, bari in yi gudu.

Ƙwai: minti goma bayan ruwa ya tafasa, a tsoma a ruwan sanyi, a bar shi da ɓawonsa, yaro ya ɓare da kansa. Dankalin Hausa: a yanka dogo-dogo, a jiƙa a ruwan gishiri minti goma, a tsane, a soya. Alale a ƙananan gwangwanaye, amma shi da ƙosai sai na safiyar nan, kuma a kula mai zafi. 'Ya'yan itace, a ba da abin da ke da rigarsa: ayaba, lemu, gwaiba, dabino uku ko huɗu. Yankakkiyar kankana in ba ƙanƙara, a bar ta sai an dawo gida. Kunun aya ma haka, kafin tara ya juya. Zoɓo ya fi shi juriya, a rage masa sukari. Kuma ayaba kada a cusa ta ƙasan littattafai, malamai sun gaji da karɓar littafin lissafi mai ƙamshin ayaba.

Sai gyaɗa, wannan ko lokaci ya ƙare sai na faɗa. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta yanƙwane ko take ɗaci, a tsince a zubar, tana iya ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Yaron da bai kai shekara biyar ba, kada a ba shi gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, tana iya sarƙe shi, a daka masa. In kuma yaro yana yin ƙuraje ko kumburin baki in ya ci gyaɗa, a je asibiti, a kuma sanar da malamar aji, domin yara musayar abinci suke yi.

Na biyar... Na'am, Mama? A miƙa mata abin magana.

Wata uwa: Malama, duk mun ji. To mu da ba mu da firji, wutar ma sai ta kwana uku ba a kawo ba, ƙanƙarar daga ina? Kuma wa zai tashi da asuba ya yi awara?

Wallahi Mama kin yi tambaya, na biyar ɗin ma na bar shi. In ba firji, awara ba ta kwana, musamman da bazara. Ki mai da ita ta Islamiyya: ki jiƙa wake da asuba, ki yi ta da hantsi zuwa azahar, su tafi da ita da yamma. Kular safe kuwa ki riƙe ta da busasshe, ki yi na sati guda ranar Asabar, kullum da safe sai ki ƙara dafaffen ƙwai ko ayaba.

Ga kantu. Riɗi gwangwani biyu, ki wanke ki rege yashin, ki shanya ya bushe ƙarau. Ki soya a busasshen kasko da ƙaramar wuta har ya fara tsalle yana ƙamshi. In ya yi duhu ya yi ɗaci ke nan. Ki narka sukari gwangwani ɗaya ko mazarƙwaila har ya zama ruwan zuma, ki juye riɗin, ki juya da sauri, ki zuba a faranti da kika shafa wa mai, ki murza da kwalba. Ki yanka tun da ɗuminsa, in ya huce sai dai ki fasa. Yanka biyu a rana, don sukari ne.

Cincin kuma, fulawa kofi huɗu, sukari rabin kofi, bota cokali huɗu, ƙwai ɗaya, madara daidai yadda zai haɗu da tauri. In bota ta yi yawa ko kika barbaɗa gari da yawa wajen murzawa, mai zai yi ta kumfa. Ya huce gaba ɗaya kafin ki zuba a roba mai murfi, zai yi sati biyu lafiya. Akwai ƙuli-ƙuli, akwai dakuwa, dambun nama ma in an soya shi ya bushe sosai yana daɗewa. Sai dai robar, Mama, ki ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa. Ba yaran kaɗai nake nufi ba, ga su can bakin ƙofa suna dariya.

Malam, na ji, an kira salla. Mai sauran tambaya ta same ni a waje bayan an idar. Wassalamu alaikum.