Isetta: Motar da Ƙofarta Take a Goshi

Assalamu alaikum. Masu gida, dattawa, da 'yan'uwana makanikai da na hango a baya, barkanku da zuwa.

Ku dubi hoton da ke kan allo. Wannan ita ce Isetta. Ƙofarta guda ɗaya ce, kuma ba a gefe take ba, gaban motar gaba ɗaya ne yake buɗewa. Idan ka ja ƙofar, sitiyarin ma yana biyo ta waje, sai ka shiga ka juya ka zauna, ka jawo ta, sitiyari ya dawo gabanka. Mutum biyu take ɗauka, tsawonta bai kai mita biyu da rabi ba.

Kamfanin Iso na Italiya ne ya fito da ita a 1953, kamfanin da ya saba ƙera firji da babura. BMW ta Jamus ta sayi izinin ƙera ta a 1954, ta fara fitar da ita a 1955, ta saka mata injin babur mai silinda ɗaya, 250cc. Kafin a daina a 1962, ta ƙera sama da 160,000.

Masu sha'awar tsoffin motoci sun rabu biyu a kanta. Wasu na cewa abin wasa ce kawai. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina. Jamus ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu a talauce. Magidanci yana da babur, ruwan sama da sanyi suna dukansa shi da iyalinsa, babbar mota kuwa ta fi ƙarfin aljihunsa. BMW kanta tana ƙera manyan motocin alfarma da ba su da kasuwa, tana neman durƙushewa. Isetta ce ta riƙe ta a waɗannan shekarun. Lita uku ta fetur tana kai ka kusan kilomita 100, sannan rikicin mashigin Suez na 1956 ya sa mai ya yi wuya a Turai, aka ƙara rububinta. Wanda ya san abin da ya cika titunanmu da Keke Napep zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba.

Inda na yarda da masu suka shi ne maganar haɗari. Tsakanin gwiwarka da motar da ke gabanka, ƙofar nan ce kaɗai. Idan aka yi karo ta lanƙwashe, ta ina za ka fita? Shi ya sa aka yi mata rufin tamfol a sama, mutum ya zuge ya fice ta can. Su ma masu ƙerawar sun san matsalar.

A Ingila kuma har taya guda suka cire mata a baya, ta koma mai taya uku, domin a tuƙa ta da lasisin babur, a kuma biya haraji kaɗan.

Alhaji, na ga hannunka tun ɗazu, bismillah, a miƙa masa abin magana.