Unguwar Sinawa ta Vancouver da Maƙwabtan da Suka Taya Ta Faɗa

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayenmu, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Kafin in shiga magana, ina roƙon kowa ya ware hannuwansa biyu, dama da hagu, iya ƙarfinsa. Madalla. To, daga wannan yatsa zuwa wancan, in dai kai babban mutum ne, ka fi faɗin wani gini da ke Titin Pender a birnin Vancouver na ƙasar Kanada. Ana kiransa Sam Kee, an gina shi a 1913, faɗinsa daga ƙasa kusan mita ɗaya da rabi ne. Filin na wani ɗan kasuwa ne Basine mai suna Chang Toy. Hukumar gari ta yanke mafi yawansa don faɗaɗa titi, ta bar masa ɗan siririn yanki da kowa ya ɗauka ba zai yi wani amfani ba. Shi kuwa ya ɗora bene a kai, shaguna a ƙasa, tagogi masu turowa waje a sama, har da wurin wanka a ƙarƙashin ƙasa. Ginin yana nan tsaye.

Sinawa sun zo yammacin Kanada da yawa ne don aikin layin dogon da ya haɗa gabas da yamma, mutum wajen 15,000, kuma su aka riƙa turawa wuraren fasa duwatsu mafi haɗari. An gama layin a 1885. A wannan shekarar gwamnati ta ɗora wa duk Basinen da zai shigo ƙasar harajin kai na dala 50, a 1903 ya kai dala 500. A 1907 gungun masu ƙin baƙi suka afka wa unguwar Sinawa da ta Japanawa suna farfasa shaguna. A 1923 aka rufe ƙofa kusan gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai 1947. Saboda haka unguwar ta cika da maza waɗanda matansu da 'ya'yansu ke ƙetaren teku. Ƙungiyoyin dangi su ne uwa su ne uba: su ba baƙo ɗaki, su samo masa aiki, su rubuta masa wasiƙar gida, in ya mutu su yi ɗawainiyar mayar da ƙasusuwansa garinsu. Wanda ya san zango a Kumasi ko Sabo a Ibadan, ya san mai gida da yadda yake saukar da fatake, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Inda nake so mu daɗe shi ne shekarun 1960. A jikin unguwar Sinawa akwai unguwar zama mai suna Strathcona, inda Sinawa da 'yan Italiya da 'yan Fotugal da 'yan Yukren da Yahudawa da baƙar fata suke katanga ɗaya. Masu tsara birni suka ce unguwar ta ruɓe, sai a rushe a sake. Aka yi zango biyu na rusau, aka tashi dubban mutane. A 1967 kuma sai ga taswirar babbar hanyar mota da za ta ratsa ta tsakiyar unguwar Sinawa. 'Yan kasuwar unguwar suka yi ca, ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar British Columbia da malamansu suka fito tare da su, har shugaban kwamitin tsara birni, Peter Oberlander, ya ajiye muƙaminsa.

Amma aikin da ya fi taɓa zuciyata na wata mata ce, Mary Lee Chan. Ita da mijinta Walter da 'yarsu Shirley suka riƙa bin gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, 'yar tana yi musu tafinta. Ku kwatanta abin a ranku: dare ya yi, an dawo daga aiki a gajiye, ga sanyi, ga tsoho a bakin ƙofa wanda ya riga ya sallama cewa gwamnati ba a ja da ita, kuma sai ka zauna ka fahimtar da shi abin da takardar da aka manna masa take nufi. A 1968 suka kafa ƙungiyar masu gidaje da 'yan haya ta Strathcona, wadda ake kira SPOTA. Ku lura da sunan. Masu gida da 'yan haya a inuwa ɗaya, kuma sunan unguwa suka sa, ba su sa sunan ƙabila ba. Da sun ce ƙungiyar Sinawa ce, da ɗan Italiya ya ga ba ruwansa, da hukuma ta ce koke ne na wasu baƙi 'yan tsiraru. Sun kuma san darajar abinci. Sukan gayyaci 'yan siyasa liyafa, a ci a sha, sannan a zagaya da su su ga gidajen da aka ce sun ruɓe, da lambunan bayan gida da yara suna wasa. Daga ƙarshe gwamnatin tarayya ta janye kuɗinta daga rusau, aka juya shi zuwa gyaran gidajen da ke tsaye. A 1971 lardin British Columbia, inda Vancouver take, ya ayyana unguwar Sinawa a matsayin wurin tarihi.

Sai dai ba kowa aka ceto ba, kuma rashin gaskiya ne in tsallake wannan. A gefen Strathcona akwai wani lungu da ake kira Hogan's Alley, cibiyar baƙar fatar birnin. Da yawansu ma'aikatan jirgin ƙasa ne, suna da cocinsu, suna da gidajen abincinsu, kakar mawaƙin nan Jimi Hendrix ma a nan ta zauna. Yanki ɗaya na babbar hanyar da aka samu damar ginawa, wato gadojin sama na Georgia da Dunsmuir, a kansu ya sauka. Zuwa 1972 motoci na wucewa ta saman inda gidajensu suke. Tun kafin haɗin kan ya yi ƙarfi an riga an tarwatsa su. Majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar rushe gadojin a 2015, aikin ya yi ta jan ƙafa, a 2022 kuma ta rattaba hannu da ƙungiyar Hogan's Alley Society kan a ba su filin su riƙe shi amana ga al'umma, kusan abin da mu za mu kira waƙafi. A ganina wannan dabara ita ce mafi ƙarfi a duk labarin, domin filin da aka fitar daga kasuwa ba mai kuɗin da zai zo ya taya.

Yau ba katafila ce babbar barazana ba. Sinawan da suka zo daga baya da kuɗinsu sun fi zama a Richmond, wani gari da ke maƙwabtaka da Vancouver, can suke cefane. Haya ta yi tsada, mai sayar da busasshen kifi da mai maganin gargajiya suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aka zo da shirin gina gidaje masu tsada a lamba 105 Titin Keefer, dab da abin tunawa da ma'aikatan layin dogo da tsofaffin sojoji Sinawa. Tsofaffi masu jin Kantonis kaɗai, wato ɗaya daga cikin harsunan Sinawa, suka fito, jikoki masu jin Turanci suka tsaya musu tafinta, kamar yadda Shirley Chan ta yi shekara hamsin baya. An ƙi amincewa da ginin a 2017, kamfanin ya je kotu, aka amince a 2023. Wannan karon ba su yi nasara ba.

Akwai kuma jarrabawa mai wuya. Unguwar tana maƙwabtaka da Downtown Eastside, inda talauci da rashin matsuguni da shan ƙwaya suka yi katutu, kuma 'yan asalin ƙasar suna da yawa a cikin masu shan wannan wahala, a kan ƙasar kakanninsu. Mai shagon da aka fasa wa gilashi yana da haƙƙin ya yi fushi. Amma in maganarsa ta tsaya a kan a kori waɗancan, ya ari bakin waɗanda suka ce unguwarsa ta ruɓe. Tsohuwar da ke ɗaki ɗaya a saman ginin ƙungiyar dangi da mutumin da ke kwana a bakin titi, tsadar haya ɗaya ce ke korarsu.

Gwamnatin Kanada ta nemi gafara kan harajin kai a 2006, birnin Vancouver ya nemi tasa gafarar kan wariyar da ya nuna wa Sinawa a baya, a 2018. A ranar 1 ga Yuli 2023, shekara ɗari cif da dokar da ta rufe ƙofa, aka buɗe gidan tarihin Sinawan Kanada a ginin Wing Sang, wanda ya fi kowane gini tsufa a unguwar. Shi ma a Titin Pender yake, 'yar tafiya kaɗan daga siririn benen Chang Toy.

A nan zan tsaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.